Zuwa 2025, shekara 24 ba a ga ƙungiyar besbol ta USC a Omaha ba: farfaɗowa ce aka fara, ko daɗin kaka ɗaya ne?

Baƙon Los Angeles ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman waɗanda suka fi ni daɗewa da sanin wasan besbol na jami'o'in Amurka su warware mini wani abu da ya daɗe yana damuna game da ƙungiyar Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wato USC, wadda ake yi wa laƙabi da Trojans. Ban san wasan ba kafin na zo garin nan. Wani maƙwabcina ne ya ja ni kallo wata rana da yamma, na zauna awa uku ban fahimci komai ba in ban da ƙarar sandar ƙarfe idan ta haɗu da ƙwallo, amma kafin kakar ta ƙare na zama ina riga shi zuwa fili. A nan na fara jin tarihin da magoya bayan ƙungiyar suke tinƙaho da shi, cewa babu jami'ar da ta kai USC cin kofin ƙasa a wannan wasa. Sau 12 ta ɗauke shi, alhali zuwa 2025 LSU, wato Jami'ar Jihar Louisiana, da ke biye da ita tana da 8, Texas kuma 6.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wannan tarihi da ake ta maimaitawa ya tsaya cak tun kafin a haifi yaran da ke buga wa ƙungiyar wasa a yau. Kofi na ƙarshe a 1998 aka ci shi. Zuwa na ƙarshe Omaha, inda jami'o'i takwas ke haɗuwa kowane watan Yuni don fitar da zakara, a 2001 ne. Daga 2006 zuwa 2024 kuwa, sau ɗaya tak ƙungiyar ta samu shiga cikin jami'o'i 64 da NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ke zaɓa don gasar ƙarshen kaka, wato a 2015. Jami'ar da ke zaune a tsakiyar yankin da ya fi kusan ko'ina a Amurka yawan yara masu hazaƙar wannan wasa, inda ake iya buga ƙwallo a waje har a watan Janairu, ta kasa shiga sahun 64 har tsawon wannan lokaci.

A kakar 2025 an samu ɗan sauƙi, domin ƙungiyar ta koma gasar, aka tura ta Corvallis, garin jami'ar Oregon State, ta ci wasanninta biyu na farko, sannan Oregon State ta doke ta sau biyu a jere ta koro ta gida. Wasu abokaina sun ɗauki wannan a matsayin alamar an fita daga rami. Ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba, saboda a 2015 ma na ji an yi irin wannan murna, daga nan aka sake shekara tara ana kallon gasar ta talabijin. Tambayata ita ce, mene ne ainihin abin da ya durƙusar da wannan ƙungiya, kuma shin abin ya kau ko yana nan? Idan matsalar masu horarwa ce, to akwai fata, domin koci Andy Stankiewicz yana nuna ƙoƙari. Idan kuma wata matsala ce da ta fi ƙarfin koci, gara mu sani mu rage buri.

Tsohon Direba ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na ji daɗin tambayarka, domin ni na ga ƙarshen zamanin da kake jin labarinsa. Ina tuna wasan ƙarshe na 1998, lokacin da USC ta doke Arizona State da maki 21 da 14, sakamakon da ya fi kama da na ƙwallon Amurka da ake ɗauka a hannu. A cikin mota na saurari rabinsa ta rediyo, fasinjana yana ta roƙona in ƙara murya. A wancan lokaci babu wanda ya yi zaton wannan ne kofi na ƙarshe da za mu gani.

Kafin mu yi maganar faɗuwa, ya kamata ka san yadda aka hau. Kofi 11 daga cikin 12 ɗin nan suna da hannun mutum ɗaya, Rod Dedeaux, wanda ya riƙe ƙungiyar daga 1942 zuwa 1986, ya kuma ci kofi biyar a jere daga 1970 zuwa 1974, abin da babu wanda ya sake yi. Attajiri ne mai kamfanin manyan motocin dakon kaya, shi ya sa ya shahara da karɓar dala ɗaya kacal a shekara a matsayin albashi. A hannunsa Tom Seaver da Fred Lynn da Mark McGwire da Randy Johnson suka wuce. To amma a zamaninsa jami'o'in da suka ɗauki wannan wasa da muhimmanci ba su da yawa, yawancinsu a Kalifoniya da Arizona da Texas suke. Wanda ya auna USC ta yau da ma'aunin Dedeaux zai mutu da baƙin ciki, domin ko Dedeaux ya dawo ba zai tarar da filin da ya bari ba.

Ma'aunin da ya dace shi ne na magajinsa, Mike Gillespie, wanda ya karɓi ƙungiyar a 1987 ya riƙe ta shekara 20. Shi ya kai ta wasan ƙarshe a 1995, inda Cal State Fullerton ta yi nasara, shi ya ci kofin 1998, shi ya mayar da ita Omaha a 2000 da 2001 lokacin da Mark Prior yake jifa. A 2005 ma saura ƙiris ya sake kai ta. Bayan kakar 2006 aka rabu da shi, kuma a ganina daga nan ne ɓarakar ta fara. Surukinsa Chad Kreuter ya karɓa, ya yi kaka huɗu ba tare da ko ɗaya da nasara ta fi rashin nasara yawa ba. Frank Cruz ya biyo baya, aka sallame shi a farkon 2013 kan karya dokar NCAA ta yawan awannin atisaye. Dan Hubbs ya riƙe har 2019, shi ne ya kai su gasar 2015 inda Virginia ta fitar da su, ita kuma ta je ta ɗauki kofin shekarar. Sai Jason Gill daga 2020 zuwa 2022, sannan Stankiewicz da aka ɗauko daga Grand Canyon. Ka ƙirga da kanka: mutum biyu sun riƙe ƙungiyar sama da shekara 60, sannan mutum biyar a cikin ƙasa da shekara 20.

Abin da ya fi ci mini rai, Gillespie da aka ga kamar ya tsufa ya koma UC Irvine, ƙaramar jami'a in aka kwatanta da USC, ya kai ta Omaha a 2014. John Savage kuwa, wanda ya taɓa zama mai horar da masu jifa a ƙarƙashin Gillespie a USC, yana can UCLA, jami'ar gwamnati da ke tsallaken gari, ya ci musu kofin ƙasa a 2013. Ashe masu iya aikin suna nan a gida, aka bari suka tafi suka gina wa maƙwabta. Yaron makarantar sakandare da iyayensa, idan za su zaɓi jami'a, abin da suke fara tambaya shi ne ko kocin da ya zo falonsu ya yi musu alkawari zai kai shekara uku a kan kujerarsa. Shekaru da yawa USC ba ta da amsar wannan tambaya. Saboda haka ni dai ina ganin maganin shi ne a bar Stankiewicz ya zauna, ko da an yi kaka ɗaya ko biyu marasa daɗi.

Malamar Lissafi ta amsa:

Baba, ina girmama abin da idonka ya gani, kuma ban musa cewa yawan canjin koci ya yi illa ba. Sai dai ina ganin ka fara labarin daga tsakiya. Idan mutum biyar masu hali daban-daban suka zauna a kujera ɗaya, huɗu suka tashi ba su yi abin kirki ba, ya kamata a duba kujerar ita ma.

Tun farkon shekarun 1990 dokar NCAA ta ƙayyade wa kowace ƙungiyar besbol tallafin karatu 11.7 kacal, ga ƙungiyar da yawan 'yan wasanta kan kai kusan 35. Wannan ya bambanta da ƙwallon Amurka, inda a lokacin ake ba yara 85 cikakken tallafi. Idan ka raba 11.7 a kan 35, kowane yaro zai tashi da kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin karatunsa, sauran kashi biyun kuma iyaye ne za su biya. To a nan ne USC ta shiga uku, domin jami'a ce mai zaman kanta. Kuɗin makaranta kaɗai ya haura dala 65,000 a shekara, idan aka haɗa da ɗaki da abinci da littattafai ya wuce dala 90,000. A Cal State Fullerton kuwa, ɗan jihar Kalifoniya ba ya biyan dala 10,000 a matsayin kuɗin makaranta. Ka sa kanka a matsayin uban yaro mai jifa da hagu, koci biyu sun zo gidanka, kowanne ya ce zai ɗauke maka kashi ɗaya cikin uku. Na farko ya bar ka da kusan dala 60,000 kowace shekara, na biyu ya bar ka da abin da za ka iya biya daga albashinka. Kofuna 12 da ke cikin gilashi ba sa biyan wannan bambanci.

Akwai kuma ta ɗaya gefen. Yaran da suka fi kowa hazaƙa a kudancin Kalifoniya, ƙungiyoyin ƙwararru na MLB suna zaɓarsu tun suna gama sakandare, su ba su kuɗin sa hannu masu yawa. Wanda ya shiga jami'a mai shekara huɗu kuwa, sai ya gama shekara ta uku ko ya cika shekara 21 kafin a sake iya zaɓarsa. Saboda haka koci yana iya shafe shekara biyu yana bin yaro, yaron ya yi alkawari, ranar zaɓe ta zo ya tafi. Na sama ƙwararru sun kwashe, na tsakiya tsadar makaranta ta kore su zuwa UCLA da Fullerton da Long Beach State da Irvine, sai USC ta rage da waɗanda iyayensu ke da hali.

Dalilin da ya sa nake ganin tambayar ɗan'uwanmu ta zo a kan gaɓa shi ne, wannan doka ta mutu. A watan Yunin 2025 alƙaliya Claudia Wilken ta amince da sasancin shari'ar da ake kira House, wanda ya soke ƙayyade yawan tallafin karatu ga jami'o'in da suka shiga tsarin, ya maye gurbinsa da ƙayyade yawan 'yan wasa, wato 34 a besbol. Yanzu jami'a tana da ikon ba dukan 34 ɗin cikakken tallafi idan ta ga dama. Amma ikon yi daban, yi daban. A farashin USC, tallafi 34 zai haura dala miliyan 3 a shekara, alhali 11.7 bai wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Wannan ƙarin na kusan miliyan 2 zai fito ne daga aljihun da a lokaci guda ake neman ya biya 'yan wasa kai tsaye har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026, kuma kowa ya san ƙwallon Amurka ce za ta cinye kaso mafi tsoka. A da shugabannin wasanni na jami'ar suna iya cewa doka ce ta ɗaure musu hannu. Daga yanzu duk adadin tallafin da besbol ta samu, zaɓinsu ne.

Ɗan Baton Rouge ya amsa:

Malama, lissafinki daidai ne, amma ban yarda ya bayyana komai ba. Dokar 11.7 tana aiki lokacin da Gillespie ya ci kofin 1998, kuma USC ba ta da arha a lokacin ma. Rice jami'a ce mai zaman kanta, ta ci kofi a 2003. Vanderbilt mai zaman kanta ce kuma mai tsada, ta ci a 2014 da 2019, domin ta yi amfani da tallafin da jami'ar ke ba duk ɗalibin da iyayensa ba su da ƙarfi, ta cike giɓin da shi. Stanford ma ta yi ta zuwa Omaha a 'yan shekarun nan. Tsada cikas ce, amma wasu sun tsallake ta.

Ni da nake zaune a kudu, abin da nake gani shi ne wasan ya yi ƙaura ya bar su. Ranar Juma'a da yamma a filin Alex Box na LSU a nan Baton Rouge, mutum fiye da 10,000 ne ke shiga, tun da rana kuwa an kafa rumfuna a wurin ajiye motoci ana dafa abinci, tsofaffi da jikokinsu sanye da riguna kalar ƙungiya. A Mississippi State an sha tara mutum fiye da 15,000 a wasa ɗaya. Tsohon filin USC kuwa, mai suna Dedeaux, wanda aka buɗe a 1974, mutum kusan 2,500 yake ɗauka kafin a rushe shi, a garin da ƙungiyar ƙwararru ta Dodgers ke da nata filin 'yan mil kaɗan daga jami'ar, ga Angels a Anaheim, ga Lakers, ga komai. A Baton Rouge yaron da ke jifa ranar Juma'a sarki ne a gari. A Los Angeles ko mai sayar da kofi a harabar jami'a ba lalle ya gane shi ba. Tun da aka ba 'yan wasa damar samun kuɗi da sunansu a 2021, aka kuma sauƙaƙa musu sauya sheƙa ba tare da zaman shekara ba, wannan bambanci ya koma kuɗi a hannu. Duba waɗanda suka ci kofi: Vanderbilt a 2019, Mississippi State a 2021, Ole Miss a 2022, LSU a 2023, Tennessee a 2024, LSU kuma a 2025. Dukansu 'yan rukunin SEC ne, wato rukunin manyan jami'o'in kudu.

Sannan USC ta koma rukunin Big Ten, wanda yawancin jami'o'insa ke tsakiya da gabashin Amurka, a 2024 saboda kuɗin talabijin na ƙwallon Amurka, babu wanda ya yi wannan shawara don besbol. Rabon da wata jami'a ta ci kofin ƙasa da sunan Big Ten tun Ohio State a 1966. Yanzu yaran za su riƙa tashi daga gaɓar yamma su tafi New Jersey ko Maryland su yi wasa uku a cikin sanyi, su dawo aji ranar Litinin, kuma nasara a kan ƙungiyoyi marasa ƙarfi ba ta ɗaga ma'aunin RPI, wanda ke auna nasarorin ƙungiya da ƙarfin abokan karawarta, da kwamitin zaɓen jami'o'i 64 ɗin ke dubawa. Abin dariyar shi ne gasar ƙarshen kaka ta Big Ten a Omaha aka buga ta a 2025, a filin da ake buga ta ƙasa. Sun je Omaha ɗin dai, amma a watan Mayu.

Baƙon Los Angeles ya sake rubutawa:

Na gode muku duka. Baba, ban san labarin komawar Gillespie Irvine ba, kuma ya ƙara mini wani abu, domin a garin Irvine ɗin ne USC ta buga yawancin wasanninta na gida a 2024 da 2025, lokacin da aka rushe tsohon filin Dedeaux don sake gina shi tare da sabuwar cibiyar atisayen ƙwallon Amurka. Na bi su can sau da yawa, tafiyar kusan mil 40 a kan babbar hanya, wani lokaci mu da muke kan benci ba mu fi iyayen yaran da 'yan tsirarun tsofaffi masu riƙe da takardar rubuta maki ba. Wannan ne ma ya sa nake ganin ƙoƙarin kocin, tunda ƙungiyar da ba ta da gida ta kai wasan ƙarshe na gasar tsohon rukuninta, Pac-12, a 2024, ta kuma shiga gasar ƙasa a 2025.

Sai dai ɗan'uwa na Baton Rouge, maganarka ta Big Ten ta bar ni da tambaya. UCLA ma ta koma Big Ten tare da USC, tana yin irin wannan doguwar tafiya, ta yi mummunar kaka a 2024, amma a 2025 ta je Omaha a watan Yuni. Oregon State kuwa ba ta da rukuni ma sam a wannan shekarar, ita ma ta je. Idan rukuni ne ke hana mutum, yaya aka yi su bai hana su ba?

Malamar Lissafi ta sake amsawa:

Ɗan'uwa, misalinka na UCLA ya fi goyon bayan Baba fiye da kowa a cikinmu, kuma na yarda da hakan. Savage yana kan kujerarsa tun kakar 2005. Da aka yi kakar 2024 mara daɗi, ba a kore shi ba, yaran da ya ɗauko suna shekarar farko suka zauna suka girma, shekara ta zagayo suka kai shi Omaha. A USC ta shekarun baya, irin wannan kaka tana iya cinye koci, yaran kuma su watse. Amma kada ka manta UCLA jami'ar gwamnati ce, ɗan jiha yana biyan abin da bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin makarantar USC ba, saboda haka maganata ma tana nan.

Idan kana son sanin ko 2025 mafari ce ko maimaicin 2015, kada ka dubi yawan wasannin da za a ci a watan Maris, lokacin da kowa ke da sabon hannu. Ka dubi watan Yuni da Yuli, lokacin da ake buɗe ƙofar sauya sheƙa, ka ga ko masu jifa biyu ko uku da suka fi kowa a ƙungiyar sun zauna ko wata jami'ar kudu ta ɗauke su. Ka kuma kasa kunne ka ji tallafi nawa jami'ar ta amince ta biya daga cikin 34 ɗin, domin idan adadin ya tsaya kusa da tsohon 11.7 alhali LSU da Tennessee da Arkansas suna ƙara nasu, to tazarar za ta fi ta da faɗi. Sabon fili zai taimaka wajen jan hankalin yara, musamman idan ya cika sharuɗɗan karɓar baƙuncin zagayen farko na gasar, tunda jami'o'i 16 ne kawai ke samun wannan dama, sauran 48 kuma su tafi gidan wani kamar yadda aka tura USC Corvallis. Ni dai burin da zan sa wa Stankiewicz a shekaru uku masu zuwa shi ne ya shiga gasar sau biyu, ɗaya daga ciki a buga ta a Los Angeles.